Wanda ya gyara mana gangunan fareti a Birnin Kebbi, da yadda ya mayar da yaranmu

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da aka gama faretin yara na 27 ga Mayu wayata ba ta huta ba, malamai 'yan uwana daga Kalgo da Jega har da wani daga Argungu kowa tambayarsa ɗaya, wai ina muka samo sababbin ganguna kuma nawa muka kashe. To bari in amsa gaba ɗaya a nan, ba sababbi ba ne, tsofaffinmu ne na cikin sito aka gyara, kuma wanda ya gyara su shi ne ya koyar da yaran. Zan faɗi abin da ya burge ni a aikinsa zan kuma faɗi inda ya ɓata min rai, don akwai, kuma na gaya masa ido da ido kafin in zo nan in rubuta.

Ni ne malamin wasanni a wata sakandaren jeka-ka-dawo a nan cikin gari, shekarata ta shida ke nan. Kayan badujalarmu ƙananan ganguna shida ne masu inci 14, matsakaita biyu, babbar ganga ɗaya, farantan tagulla da ake gwarawa, sai begila huɗu. A rubuce ke nan cikin rajista. Ranar da na buɗe sito a farkon zango na uku abin da na tarar sai da ya sa na zauna a kan benci na yi shiru, fatu huɗu a fashe, notuna duk tsatsa ta cinye, babbar gangar an jibga mata kwalayen alli da tsofaffin takardu har bakinta ya lanƙwashe, begila ɗaya kuwa zanzaro ne ya yi gininsa a ciki. Shekara biyu da suka wuce mun taɓa sayo wasu ganguna biyu masu sauƙin kuɗi a intanet daga wurin wani, a hoto suna ta ƙyalli, da suka iso gwangwani ne kawai aka yi wa fenti, zango ɗaya suka yi, araha dai ba ta ado. Shi ya sa wannan karon firinsifal ya ce babu zancen saye, a nemi mai gyara.

Wani mahaifin ɗalibinmu ɗan sanda ne, shi ya ce mu nemi wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Saja, ya yi aiki a badujalar 'yan sanda har ya yi ritaya, yanzu yana da ɗan shago wajen Makerar Gandu. Babu allo babu rubutu a ƙofar, cikin wani lungu ne tsakanin mai walda da mai gyaran takalma, ni sai da ɗan kabu-kabu na biyu na dace. In za ku je kar ku ce shagon kayan kiɗa, ba wanda zai gane, ku ce wurin tsohon da ke gyaran gangar 'yan makaranta.

Shagon ƙarami ne, mutum uku in suka shiga ya cika. Kafin ka ga komai warin fata ne zai fara tarbarka, akwai wata tsohuwar roba a bakin ƙofa da ya jiƙa fata a ciki ya danne da dutse, bango kuma duk ƙusoshi ne an rataye zobban ganga manya da ƙanana, ga gwangwanayen madara cike da notuna kowane girma da nasa gwangwani. A wuyansa akwai ɗan makullin ɗaure fata da ya ɗaura da igiyar takalmi, ya goge har yana sheƙi, ban taɓa ganinsa ba tare da shi ba ko a masallaci. Da muka sauke kayan daga Keke Napep bai ce min komai a kan kuɗi ba, ya jawo babbar gangar ya shafa ta kamar mai duba dabba a kara, ya ɗago ya ce "Malam, mi kunka yi mata? Wagga ganga ba ta mutu ba, wulaƙanci ta sha." Wallahi kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa.

Yadda yake dubawa ma abin kallo ne. Ya kwance kowace ganga, ya ɗora zoben a kan wani gilashin mota da ya ajiye a ƙasa, in zoben ya zauna daram to lafiyarsa lau, in yana rawa ya lanƙwashe ke nan kuma ko wace irin fata ka sa masa ba za ta ɗauru daidai ba, gefe ɗaya zai yi ƙara gefe ɗaya ya yi lakwas. Uku daga cikin namu sun yi rawa, ya miƙar da su da gudumar katako a hankali. Sai zancen fata, a nan ne na ƙaru sosai. Ni da na so a sa fatar akuya duka don ta fi sauƙi kuma ga ta nan a gida, ya ce a'a. Fatar dabba tana bin yanayi, in iska ta yi laima sai ta saki muryar ta mutu, in rana ta buɗe ko hunturu ya shigo sai ta ɗame har ta tsage, kuma ƙarshen Mayu a nan lokacin da hadari ke fara haɗuwa ne, kana iya ɗaure ganga da safe cikin zafi kafin a kira makarantarku iska ta juya. Fatar roba ba ruwanta da wannan, ya ce tun da kamfanin Remo na Amurka ya fara yin ta a 1957 masu badujala suka huta da shanya ganga a rana ko kara ta a wuta. Don haka ƙananan ya sa musu ta roba, babbar kuma tun da ta roba mai girmanta sai an aiko daga nesa kuma kuɗinmu ba zai kai ba, ya yi mata fatar maraƙi da hannunsa gaba da baya, kuma muryarta wallahi har cikin ƙirji kake jin ta.

Ga abin da muka biya, don na san shi kuke jira. Fatar roba huɗu a kan 11,000 kowace ɗaya, babbar ganga da miƙar da bakinta 30,000, notuna da wayoyin nan na ƙasan ƙaramar ganga masu sa ta yi tsartsar da fenti 21,000, begila biyu 10,000, maratayi tara a kan 2,500 kowane. Duka 127,500. Wannan farashin namu ne a lokacin, yadda kasuwa take yanzu kar wani ya je ya ce ai malam ya rubuta. Abin da na yaba, duk notin da ya ga zai yi aiki bai canza shi ba, ya jiƙa su a kananzir kwana biyu ya goge ya shafa giris ya mayar, waɗanda suka mutu kuma ya zuba min su a leda ya ce in kai wa firinsifal ya gani da idonsa. Ya kuma zaunar da manyan yarana biyu ya koya musu ɗaure fata, ba a bin notuna a jere, in ka juya wannan rabin juyi sai ka tsallaka na gabansa kai tsaye, haka haka har ka zagaye, kana yi kana ƙwanƙwasa gefen kowane noti da yatsa har muryar ta zo ɗaya. Wani mai gyaran ɓoye wannan zai yi don ku riƙa dawowa.

Begila ba wani dogon labari, ya wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ya fitar da lotsawar, ya liƙe inda ke yoyon iska da dalma. Biyu sun tashi, biyu babu bakin busawa sai an samo. Ita begila ba ta da maɓalli ko ɗaya, muryoyi biyar ɗin da ake busawa duk daga leɓe da numfashi suke fita, shi ya sa ɗan yoyo kaɗan ke sa yaro ya yi ta kumbura kumatu a banza a ce bai iya ba.

Inda ya fara ɓata min rai shi ne alkawari. Ya ce kwana biyar, sai da aka yi goma sha ɗaya. Wayarsa ƙaramar Nokia ce kullum a kashe ko tana wurin caji, sau huɗu ina zuwa da ƙafata cikin ranar nan da ke wuce digiri 40, sau biyu na tarar da shago a rufe ya tafi jana'iza ko suna. Ban ce kar ya yi zumunci ba amma ko saƙo ne ai a bar wa maƙwabci. Kwanakin nan da suka tafi daga cikin na atisaye suka fita, ga shi 'yan aji shida suna tsakiyar jarabawar WAEC a Mayu ba a taɓa su, su ne kuma suka iya kiɗan, dole muka koma kan 'yan aji huɗu da biyar waɗanda rabinsu ba su taɓa riƙe sandar ganga ba.

A nan ne na tambaye shi ko zai zo ya koyar, ya ce 60,000 na sati uku, kwana huɗu a sati, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba. Na ga kamar da tsada a lokacin. Yanzu in aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin gyaran da koyarwar, koyarwar zan ɗauka.

Ranar farko yara sun zo da ɗoki kowa ya rarumi ganga, masu kiɗa goma sha biyu da masu maci arba'in, maza da mata rukuni biyu. Baba ya iso a kan tsohon kekensa, ya kalle su, ya ce a mayar da gangunan sito duka. Yini biyu cur babu wanda ya taɓa ganga. Tafiya kawai, shi yana tafi da hannu su suna takawa, ƙafar hagu a kan bugu mai ƙarfi, taku wajen 120 a minti ɗaya irin na soja, ya kafa agogonsa a tafin hannu yana ƙirgawa. In ya ji taku ya warwatse sai ya tsayar da kowa ya juya musu baya ya ce "Ni ba ni kallonku, kunne nika sa. Ƙahwa guda nika son ji, ba arba'in ba." Yara suka fara guna-guni, ni kaina na fara tunanin ko kuɗinmu ya tafi, sai a yini na uku da yamma ya rufe idonsa suka wuce ta gabansa a kan dandaryar ƙasar filin nan tamu, rap rap rap kamar mutum ɗaya, na ga yaran su kansu sun ji, wata yarinya a layin baya har ta yi dariya don murna.

Dokokinsa kaɗan ne amma ba ya ɗaga ƙafa a kansu. In mutum ɗaya ya kuskure kowa zai sake, kuma haramun ne a juya a kalli wanda ya yi kuskuren ko a kira sunansa, duk wanda ya yi tsaki shi zai fita ya tsaya. Ba ya duka ko kaɗan, muryarsa ce dai in ya daka tsawa har ofishin firinsifal. Ya haɗa kowane babba da ƙarami, in ƙaraminka bai zo ba kai za a tambaya, in bai iya ba kai ne ba ka iya ba, har ta kai manyan suna biyawa ta gidajen ƙananan su taho tare. Lokacin shan ruwa mafi ƙanƙanta ke fara sha, mai riƙe da sandar jagora shi ne na ƙarshe. Babbar ganga kuma kowa sai ya ɗanɗana nauyinta, ana tashi za a mayar da ita sito yau wannan gobe wancan, har 'yan matan su biyu-biyu, ya ce wanda bai taɓa ɗaukarta ba ba zai ga girman mai ɗauke da ita ba.

Akwai yara biyu da nake so in ba ku labarinsu don su ne suka nuna min irin mutumin. Na farko wani yaro ne ɗan aji huɗu da ke ɗan jan ƙafa tun yana ƙarami, kullum shi ke ɓata layi na uku, ni da kaina na je na raɗa wa Baba cewa a cire shi a ba shi riƙon tuta a gefe. Ya dube ni ya ce "Malam, ka taɓa zuwa gayya? Gangar noma ba don na gaba aka kaɗa ta ba, shi ko babu kiɗi ya tahi. Don na baya aka kaɗa ta." Sai ya rage tsawon takun rukunin duka da ɗan kaɗan, ya mayar da yaron tsakiyar layi inda kafaɗa biyu ke riƙe da shi dama da hagu. Wani ɗalibinmu ɗan Zuru da ke tsaye ya ce haka ake yi a golmo a wurinsu, samari suna noman gonar surukai a ƙungiya kuma ba a barin kuyyar kowa a baya. Yaron nan bai sake fashi ba ko sau ɗaya, mahaifiyarsa ta aiko mana da kunun zaƙi a kula har sau biyu.

Na biyu shi ne gwaninmu, ɗan aji biyar, gidansu gidan makaɗa ne kuma hannunsa abin mamaki ne, in ya saki sanduna a kan fata kamar ruwan sama a kan kwano. Matsalarsa ya san ya iya. Yana ƙara salo inda babu, yana gaba da kowa da rabin bugu, ƙananan in sun ji shi sai su rikice. Baba bai kushe shi ba, ya ajiye shi kusa da wanda ya fi kowa rauni ya ce sati guda ba salo, bugu tilo, sai na kusa da kai ya iya. Yaron ya yi fushi har ya yi kwana biyu bai zo ba, Baba ya hau kekensa ya je har gidansu, ban san me suka tattauna ba amma washegari ya dawo, kuma a sati na ƙarshe Baba ya ware masa wuri ɗaya tak, daidai gaban rumfar manyan baƙi lokacin gaisuwa, ya ce nan naka ne ka zuba duk abin da Allah ya ba ka. Kullum sai yaron ya tsaya bayan an tashi yana gwada wannan salon shi kaɗai.

Wani abin da na lura da shi, makarantarmu haɗin gambiza ce, akwai Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da 'ya'yan Yarbawa da Ibo 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista, da can kowa da rukuninsa lokacin tara. A sati na uku ranar da muka makara har aka kira magariba, na ga yaran Kiristan sun zauna gadin ganguna da takalma har sauran suka idar, babu wanda ya sa su.

Ranar fareti makarantu goma sha ɗaya ne a rukuninmu, mu ne na bakwai a shiga. Tun ƙarfe takwas muke tsaye a rana, yara biyu na wata makaranta har sun faɗi. Da aka kira mu muka shiga lafiya lau, kwana ta farko layi bai karye ba, 'yan matan da fararen hijabansu hannu na tashi tare yana sauka tare, jama'a suka fara tafi. Saura kamar taku ashirin a kai rumfa, ƙugiyar maratayin babbar ganga ta buɗe. Ina tsaye a gefe na ga gangar ta zame daga ƙirjin yaron ta yi ƙasa, ya tare ta da gwiwa, bugu ya ɗauke, kuma duk wanda ya san fareti ya san babbar ganga ita ce ƙafar hagun kowa, in ta yi shiru taku biyu mutum arba'in sun watse. Zuciyata ta yanke. Sai mai begilar da ke damansa ya soke begilar a hammata ya cafke zoben gangar da hannu ɗaya yana ci gaba da maci a karkace, shi kuma gwanin nan namu, daidai wurin da aka ware masa, wurin da ya yi sati yana shiri, bai yi salon ba. Ya koma bugu tilo da dukkan ƙarfinsa a kan ƙafar hagu, kau, kau, kau, ya riƙe takun har mai babbar ganga ya dawo ciki, haka suka wuce rumfa mutum biyu na ɗauke da ganga ɗaya, aka yi gaisuwa, layi na uku da yaron nan mai jan ƙafa bai ko motsa ba. Na juya in ga Baba, yana can bayan igiya riƙe da kekensa yana share ido da hularsa.

Na uku muka zo. Maki ya zube a wurin tsari saboda karkacewar nan, kuma ban ga laifin alƙalai ba, abin da ke takardarsu suka bi. Waɗanda suka zo na ɗaya sun cancanta, yunifom ɗinsu da takunsu babu abin cewa. Bayan mun fita ma fatar gangar wata makaranta da ke bayanmu ta fashe suna jiran shiga, kafin in buɗe baki yaranmu sun kwance ƙaramar ganga ɗaya sun miƙa musu, kuma makarantar nan ita ta zo ta biyu a gabanmu, yaran suka je suna taya su murna.

Ƙugiyar nan laifin shagon ne, babu kwana-kwana. Maratayan da ya sayar mana na kasuwa ne, ɗinkin da ƙarfi amma ƙugiyar siririn ƙarfe ce da ba ta dace da nauyin babbar ganga ba, kuma mutumin da ya yi shekaru a wannan aiki bai kamata wannan ta wuce shi ba. Na gaya masa haka. Bai yi musu ba, ya ce "Laihina na, Malam," ya karɓi duka taran ya kai wa maƙeri aka ƙera masu kauri, bai karɓi ko sisi ba.

Abin da ya tsaya min a rai bayan an watse shi ne takardar makin. Na leƙa ta, akwai gurbin yunifom, akwai na taku, akwai na gaisuwa, akwai na kiɗa, babu gurbin abin da yaran nan suka yi. Kofi uku ne, kuma a kowace shekara makarantun da ke da kuɗin ɗinki da sababbin kaya su ke da rinjaye a kansu. Wani ɗan bautar ƙasa da ke koyar da lissafi a wurinmu, wanda ya buga ganga a sansaninsu na Dakingari, ya nuna min a YouTube yadda ake gasar badujalar 'yan sakandare a Amurka, babbar gasar Bands of America da ake yi a Indianapolis duk watan Nuwamba, ya ce ban da kofin gwanaye suna da kyauta daban ta haɗin kai da kyakkyawan hali, makarantar da ba ta kai ƙarshe ba ma tana iya ɗauka. Ni ina ganin mu muka fi kowa buƙatar irin wannan, kuma ba sai an kashe wani kuɗi ba, alƙali ɗaya ne za a ware ya riƙa zagaya bayan fili inda ake jira, ya ga wa ke ba wani ruwa, wa ke gyara wa ƙaninsa hula, wace makaranta ce ke tafa wa abokiyar karawarta, wace ce ke yi wa wadda ta kuskure ihu. Masu shirya fareti a ƙananan hukumominmu 21, don Allah a duba wannan.

Tun da babu, muka ce za mu yi tamu a cikin gida. Na koma wurin Baba a kan allon yabo, shi ba ya rubutu a kan ƙarfe, akwai wanda yake kai wa, kuma nan ma sai da aka yi kwana goma, da ya zo an rubuta hadin kai da kungiya babu lanƙwasa a kan haruffan, malamin Hausarmu ya ce sam ba za a rataye wannan a makaranta ba, aka mayar aka sake. In za ku ba da irin wannan aiki ku rubuta da manyan baƙaƙe ku zagaye ɗ da ƙ da jan biro. Amma da ya dawo ya yi kyau ƙwarai, katakon maɗaci ne ya goge ya shafa masa mai, kuma da kansa ya ƙara wani abu da ban sa shi ba, ya ɗaura buɗaɗɗiyar ƙugiyar nan a jikin allon a ƙarƙashin rubutun. Naira 8,000 ya karɓa.

Wa za a ba? Ni a raina mai begila ne ko gwanin. Baba ya ce ba ni zan zaɓa ba kuma ba shi ba, a raba wa yaran takarda kowa ya rubuta mutum ɗaya ban da kansa. Da muka ƙirga, 31 cikin 52 sun rubuta wani ɗan ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya wanda ko cikin layi ba ya ciki, ɗan jiran ko-ta-kwana ne da bai samu shiga ba, amma sati ukun nan shi ke ɗebo ruwa a jarka daga famfon masallaci, shi ke tattara sanduna ya ƙirga, ranar fareti ma shi ya zo da allura da zare da fin a aljihu yana bin masu ɓallallen maɓalli. Wallahi ni malaminsu ban lura da rabin wannan ba, su sun gani. Da aka kira shi a asambule ya tsaya ya kasa motsi, gwanin nan da mai begila suka je suka ɗago shi a kafaɗa suka kawo shi gaba, sauran suka ɗauki ganguna ba tare da an ce su ɗauka ba. Allon yana ofishin firinsifal, sunan yaron na farko, an bar fili a ƙasa na shekaru masu zuwa.

In maki zan bayar, gyaran ganga tara cikin goma, koyarwa goma, cika alkawari a kan lokaci biyar kuma da ƙyar. Sai ku san ba ya ba da rasit, ma'ajinmu sai da ya sa na rubuta takarda Baba ya sa hannu maƙwabcinsa ya yi shaida, ba ya karɓar taransfa sai dai ka cire a wurin mai POS na bakin titi, kuma harshensa da kaifi, malamin da ba ya son a gyara masa a gaban ɗalibai zai ji babu daɗi, ni ma na sha a kan zancen yaron nan mai jan ƙafa. Masu shirin Mayu ku kai kayanku tun Maris, masu shirin 1 ga Oktoba ku kai kafin a tafi dogon hutu, ku kuma ce ya gwada maratayi da gangar a rataye a jikin yaro yana tafiya kafin ku karɓa. Ya ce yana zuwa makarantun wajen gari in za a biya masa kuɗin mota, amma ba ya haɗa makaranta biyu da za su kara da juna a lokaci ɗaya, wanda ya riga shi ke nan.

Mu dai mun riga mun kama shi na Oktoba. Begilarmu biyu har yanzu suna rataye a shagonsa ana jiran bakinsu daga Kano, ya ce sati mai zuwa, ranar Asabar zan sake leƙawa.